Kamu Biyu Daga Tsirkiyar Sha-Gumi

Zuwa ga Uwaliya 'yar Malam Hammadu ta Garo, inuwar tsamiya ga wanda ya kwaso rana, ruwan sabuwar randa, furen kabewa da sassafe, kurciyar da in ta yi kuka sauran tsuntsaye su ji kunya su kama bakinsu. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarki da ta Inna da ta Malam. Daga Gali ne na mahautar Gwarzo, wanda kika sani, wanda babu na biyunsa daga nan har Kabo, sai dai yau a gajiye yake.

In kin ga baƙaƙen nan suna tafiya kamar sawun kaza a taɓo, ba laifin malaminmu na yaƙi da jahilci ba ne, yatsuna ne duk sun tsage. Ki ba yayanki Lurwanu ya karanta miki a hankali. Kar ki ba Musbahu tela, don Allah, zai tsallake wurare masu daɗin.

Gwaggonki Dela ta zo sayen nama ta isar min da saƙonki, a gaban mutane kuwa, ko muryarta ba ta rage ba. Wai in ban zo zance ran kasuwar nan mai zuwa ba, to in riƙe ƙafata, don Musbahu ya fara jingine kekensa a ƙofar gidanku, Malam kuma ya fara amsa masa gaisuwa da doguwar amsa. Na yi dariya don mahauta na kallona. Amma wallahi Uwaliya, wuƙar da ke hannuna sai da na ajiye ta. Ni za a yi wa haka? Ni da in na yi tari a Gwarzo 'yan matan garin Jama'a ke gyara ɗaurin kallabi?

Ba ki san abin da ya riƙe ni ba, bari in gaya miki, ko kya tausaya.

Kin san ina yi wa mata tsirkiyar bakan shiɓa, ina yi wa masu gurmi tasu. To baturen gona ɗin nan da ke zuwa rangadi, wanda muke kira Sha-Gumi, yana da wani abin wasa mai kama da rariya an sa mata mariƙi. Da shi suke bugun ƙwallo a Kano, shi da 'yan uwansa, tanis suke ce masa. Manya da su, da gajeren wando, suna bin ƙwallo kamar 'yan awaki. Saƙar rariyar ta tsinke. Kukunsa Jibirin ya zo ya ce min saƙar nan ba zare ba ce, ba fata ba ce, hanjin saniya ne, ko zan iya? Ni kuwa kin san bakina. Na ce ko ta giwa yake so a kawo giwar. Na karɓa ne don in haɗa miki lefen da za a yi shekara ana labarinsa a Garo. Da na san abin da na ɗauko, da na ce masa ni ɗan kilishi ne kawai.

Ba hanjin duka ake so ba, hasken idona. Wata 'yar fata ce a bayansa, siririya kamar ɓawon albasa, ita ce mai ƙarfin. Sai an ɗauko hanjin da ɗuminsa, saniya na faɗuwa, a wanke, a tatse, a sake wankewa. Sai in sa aska in tsaga shi a tsaye, tsawonsa duka, in ɗaye 'yar fatar nan a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. In hannu ya yi rawa ta yage, shi ke nan, ta zama ta miya. Sai a jiƙa a ruwan toka, a kankare kitse, a canja ruwa, a kankare, a canja ruwa, har ta yi fari kamar haƙoranki, ki yafe min misalin. Sannan a jera su da yawa tun da danshinsu a murza su su zama guda, a ɗaure tsakanin turaku biyu a zauren Baba Sarkin Pawa, a rataya dutse, a bar ta a inuwa tana bushewa a hankali, kullum ana ƙara murzawa. Ba ta son rana, ba ta son raɓa, ba ta son gaggawa. Ban taɓa ganin abu mai tsirfa irinta ba, sai ke.

Kuma rariya ɗaya tak, hanjin shanu uku take ci. Shanu uku, Uwaliya. A Gwarzo yaushe ake kayar da saniya in ba ran kasuwa ba? Hanji kuwa ba ya jiran mutum ya je Garo ya dawo, in ya kwana ya mutu. Ga shi ran kasuwa da yamma ne kawai Malam ya yarda a zo zance. Kin ga inda aka ɗaure ni? Duk yammar da kika shimfiɗa tabarma kika naɗe ta babu kowa, ina nan tsugune a bayan mahauta, hannu cikin ruwan toka, ƙudaje na yi min fada, ina kallon hanyar Garo har ido ya gaji.

Ta farko na shanya ta a rana kan gadon kilishi, don mu a gidanmu duk abin da aka ce ya bushe can ake kai shi. Ta bushe kuwa, ta karye kamar karan dawa. Ta biyu ta yi kyau, har na kira mutane suka gani. Na goge ta da ganyen ɓaure ta yi sumul, na shafe ta da man shanu don ta yi laushi, kamar yadda muke wa igiyar fata. Ashe walima na shirya wa ɓerayen zauren Baba. Da safe dutsen kawai na tarar a ƙasa. Baba Sarkin Pawa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ko ɓera ya san Gali gwani ne. Ni ma na yi dariyar, amma daga baya na zauna a kan turken na daɗe ban tashi ba.

Matan unguwa kuma sun sa ni gaba, wai na hana su kayan ciki. Jibirin kuku shi ma ya zo yana ƙorafi wai aikina ya yi tsada, wai akwai wata sabuwa a kanti a Kano mai kama da roba, da araha. Na ce to a sayo ta mana. Ya ce ai an gwada, ubangidansa ya ce tana sa masa ciwon gwiwar hannu, ta hanji ce ke karɓar ƙwallo da laushi ta mayar. Na ce to ka gaya masa waccan inji ya yi ta, wannan kuwa miyar unguwa guda ce, da fatar yatsuna, da zancen budurwata. Wa zai biya ni wannan na ƙarshen?

Ta uku ta gamu. Wannan karon kakin zuma na shafa mata. Tana nan launin zuma, in ka ɗaga ta a rana kana hango haske ta cikinta, in ka taɓa ta tana kuka kamar gurmi. Ko a Ingila ban ce akwai irinta ba. Rabin rariyar ke nan, na tsaye. Saura na kwance, shi ne shanun kasuwar nan mai zuwa za su cika, Sha-Gumi kuma ya ce daga nan ba ya ƙara jira.

Uwaliya, kin tuna ranar da jar tsakiyarki ta wuya ta tsinke a bakin rijiyar Garo? Kin sunkuya za ki ɗauki tulu, zaren ya ɓalle, duwatsun suka watse a cikin yashi kamar an zubar da jar masara. Na durƙusa ina tsince miki, ina ƙarya wai idona ya fi na shaho, alhali ke kika tsinci mafi yawa. Hannunmu ya haɗu a kan guda ɗaya, kika janye, kika ce warin mahauta nake. Amma kina dariya kika faɗa. Kika ce ta kakarki ce, kin gaji da zaren da ke tsinkewa. Na bugi ƙirji na ce zan kawo miki wanda ba ya tsinkewa har jikokinki. Na san kin ɗauka cikin surutuna ne. An ce min har yanzu suna cikin gwangwani a ƙarƙashin gadon Inna.

To buɗe ƙunshin ganyen da ke cikin takardar nan. Kamu biyu ne, na yanko daga tsirkiyar Sha-Gumi, daga tsakiya inda ta fi kyau. Ita kuwa ba a yi mata ƙulli, in ta gaza tsawo ta tashi aiki. Yau da hantsi na sa mata wuƙa. Lefen zai ragu, ba zan ɓoye miki ba. Jibirin zai zo ya yi ta faɗa da Turancinsa na kicin, bature ya koma wa ta roba ya yi ta shafa gwiwar hannu. Hanjin kasuwar nan kuwa na riga na ce wa matan unguwa nasu ne, har sun fara sa min albarka.

Na gaji, sanyin raina. Na gaji da ruwan toka, na gaji da yin dariya don kar a gane, na gaji da jin ƙararrawar keke ko a mafarki. Ki zura duwatsun kakarki a ciki. Abu ɗaya kawai, ki riƙa cirewa in za ki wanka, ba ta son ruwa. In ta ga kulawa za ta kai jikokin da na faɗa.

Ran kasuwa ina idar da la'asar zan kamo hanya, a ƙafa, ba ni da keke. Tun jiya nake dirje hannuna da lemon tsami, yana shiga tsagar yatsun yana yi min zafi, warin dai bai gama fita ba. In na iso na ga jar tsakiya a wuyanki, na san in zauna. In ban gani ba zan gaida Malam in juya, ba zan yi miki surutu ba, karo na farko a rayuwata.

Naki tun daga bakin rijiya har ranar da za a naɗe ni a likkafani, ba canji ba ragi,

Gali na Sarkin Pawa, Gwarzo.