Allunan Tagulla da Gonar Bakin Tafki

Madras, Indiya.

Zuwa ga ƙanena Dudu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali da mutanen Wara? Matar ɗana Hafizu ta sauka lafiya, na rungumi jikana! Lafiyata lau, abincinsu ne dai bai karɓe ni ba.

Hafizu ya kai ni gidan tarihi. Na ga allunan tagulla waɗanda sarakunan dā suka rubuta kyautar gonaki a kansu, wasunsu wai jikokin rana ne. Ya ce har da allunan jabu.

Sai na tuna Wakili, mai cewa wai kakansa ne Sarki ya ba gonata ta bakin tafki. Tafkin da a gabanmu aka yi! In ya kawo takarda, kada ka dangwala yatsa. Na yi yaƙi da jahilci, ni zan karanta ta.

Allah ya sada mu.

Yayanka,
Ɗantani