Damben Rufin Makaranta

Litinin, 11 ga Janairu, 1993

Jami'in ilimi ya zo da hantsi a kan babur. Ko zama bai yi ba. Ya tsaya tsakiyar aji huɗu ya ɗaga kai sama, ni ma na ɗaga kamar ban san abin da ke can ba. Azuzuwa uku babu rufi tun iskar ƙarshen damina. Ya ce jiha sabuwa ce, komai yanzu ake farawa, kada in sa rai. In ruwan fari ya sauka ba mu rufe ba, za a haɗe mu da makarantar Jandutsi. Na ce akwai rafi tsakani. Ya ce ya sani.

Yara ɗari da talatin da shida gare ni a nan Tungar Maccido, arba'in da ɗaya mata. Shekara shida ina bin iyayensu gida-gida kafin a ba ni matan nan. Babu uban da zai bar 'yarsa ta ƙetare rafi da damina. Ba zato nake ba, sun faɗa mini.

Asabar, 16 ga Janairu

Taron iyayen yara gindin tsamiya. Kafinta ya ce bandir goma sha biyar na kwano, ban da katako da ƙusa. Alhaji Jibrilla, shugaban iyaye, shi ya fara kawo shawara. An tsayar da abu uku: wasiƙu ga 'yan gari da ke Legas da Sakkwato, gidauniya a Jega, da buhun albasa daga kowane gida in an cire. Na dawo da ɗan ƙarfin gwiwa. Kaɗan.

Laraba, 20 ga Janairu

Wasiƙa arba'in da biyu, duk da hannu. Yatsana ya yi kanta. Iklima ta ce ko lokacin neman aurenta ban yi mata rubutu haka ba.

Juma'a, 29 ga Janairu

Jega, rabon katin gayyata, ni da Alhaji Jibrilla. Na so mu zaga ta bayan 'yan hatsi, ya ce ta mahauta ta fi kusa. Ina tafe ina duban ƙasa sai na ji, "Wali! Kai, Wali!"

Yaya Muntari ne, hannunsa duk jini, yana dariya. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe teburin Baba ni na tafi Kwalejin Malamai. Na gaishe shi daga nesa kamar mai sayen nama. Da muka wuce Alhaji ya ce wane ne. Na ce wani ɗan unguwarmu ne.

Na rubuta don kada gobe in ce ban faɗa ba. A Tungar Maccido ni Malam Waliyyu ne, hedimasta. Ban taɓa ce wa kowa ni ɗan Rundawa ne ba, gidan fawa da dambe.

Asabar, 13 ga Fabrairu

Gidauniya. Kujerun haya ɗari, lasifika, lemo. Yara sun yi fareti da waƙar da muka yi mako biyu muna koyo. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, direbansa ya kawo ambulan. Sauran manyan suka dinga karɓar lasifika suna alkawari, ana tafi, ni ma ina tafi har tafin hannuna ya yi zafi. Wani ya ce shi kaɗai zai rufe aji ɗaya. Da na bi shi mota ya ce in same shi ofis. Bai faɗi wane ofis ba.

Da muka sallami mai kujeru da mai lasifika, abin da ya saura kuɗin bandir biyu ne. Biyu.

Alhamis, 18 ga Fabrairu

Amsa ɗaya ta zo daga Legas. Wani mai gadi, naira ashirin a ciki, da ban haƙuri shafi guda. Na fi jin kunyarsa da ta kowa.

Talata, 2 ga Maris

Azumi takwas. Albasa ta taru, buhu talatin da ɗaya. Har Gudiya, tsohuwar da ke riƙon Hamsatu 'yar aji shida, ta kawo rabin buhu a ka. Mun je Aliero da samfuri. Albasa ko'ina, tuli-tuli har bakin titi, dillalai ba su ko ɗaga kai. Kuɗin da suka taya ba zai sayi bandir huɗu ba.

Alhaji ya ce a sayar, abin da ke hannu shi ne namu. Na ce a'a, a zuba ta rudu, rumfar ajiyar albasa, a jira wata guda ta yi daraja. Na kawo lissafi a takarda, na yi musu bayani kamar ina aji. Suka bar mini.

Lahadi, 14 ga Maris

Wari nake ji in na wuce rudun. Wataƙila hancina ne, azumi.

Laraba, 17 ga Maris

Ba hancina ba ne. Mun buɗe. Ashe wasu sun kawo wadda ba ta gama shan iska ba, ta kama sauran. Ruwa baƙi na bin ƙasa. Mun yini muna tsinta, da ƙyar muka fitar da buhu goma sha biyu. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Alhaji ya ce, "Ƙaddara ta, Malam," bai dube ni ba.

Gudiya ta tsaya bakin rudun ta ce, "Malam, tawa tana cikin wadda tar ruɓe ko wadda tat tsira?" Na ce wadda ta tsira. Ina zan sani?

Ban iya buɗa baki da komai ba sai ruwa.

Asabar, 20 ga Maris

Yaya Muntari ya zo, karo na farko da ya taka garin nan. Iklima ce ta aika masa, ta amsa da bakinta. Ya sauka daga akori-kura da ƙullin nama. Kafin ya shigo gida sai da ya zaga azuzuwan, hannu a baya, kamar shi ne jami'in.

Bayan la'asar ya ce a yi dambe bayan Salla. In kewaye filin ƙwallo da zana, in sa mutum a ƙofa, sauran nasa ne. Rundawan Jega da Aliero da Maiyama ba za su ƙi shi ba. Kuma shi da kansa zai naɗe hannu, don in aka ji Na Delu, sunansa na dambe ke nan, zai shiga fage, har daga Kuberi za a zo. Shekararsa arba'in da shida. Shekara goma rabonsa da dambe.

Na ce makaranta da dambe ba su haɗu ba, me mutane za su ce.

Ya ce, "Mi za su ce? Su ce hedimasta ɗan Rundawa na? To ai shi na." Sannan ya ce, "Na jiya abin da kac ce ma Alhajin ga ran kasuwa. Ban zo don shi ba. Ɗiyan mutane na zo ma."

Na ce ba na so. Ya sha ruwa da mu, ya yi wa yara wasa, ya kama motar ƙarshe.

Alhamis, 25 ga Maris

Salla. Ban je Jega ba.

Litinin, 29 ga Maris

An sayar da ragowar albasa. Da na gidauniya, bandir huɗu ke nan, kuma kwano ya ƙara kuɗi. Na je gidan mutumin da ya yi alkawarin aji guda, aka ce yana barci. Na jira har azahar, aka ce ya fita.

Zafi ya tsananta. Da yamma na ga hadari can gabas, ɗan ƙarami. Hamsatu ta tambaye ni a aji wai gaskiya ne ba za su yi jarrabawar fita a nan ba. Na ce ta buɗe shafi na talatin.

Talata, 30 ga Maris

Na je Jega. Na tsaya gaban teburin Yaya. Ya ce, "Asabar ta sama. Samo zana."

Laraba, 7 ga Afrilu

Ban san haka abin yake tafiya ba. Ni na yi wata uku ina rubuta wasiƙu, su kwana bakwai sun tayar da ƙasa. Sarkin Fawa ya ba da makaɗa kyauta. 'Yan kamasho a tasha suna shela bakin kowace mota. Kowane gida ya ara mana zanar shingensa. Liman ya ɗaure fuska, Alhaji ya shawo kansa da sharaɗin a tashi kafin magariba. Tikiti kuwa tsofaffin littattafan rubutu muka yanka, na buga musu hatimin makaranta.

An haɗa Yaya da Ɗanasabe na Maiyama, wanda aka ce bana babu wanda ya kai shi ƙasa. Bai fi ashirin da biyar ba. Na ce a sauya masa da wani. Ya ce wa zai biya kuɗi ya ga tsoho biyu?

Asabar, 10 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan.

Tun azahar motoci ke sauke mutane. Tikiti ya ƙare, muka koma buga hatimi a bayan hannu. Ni na zauna ƙofa, na ce aikina ke nan, ba sai na shiga ba. An yi na yara, an yi na samari, ina jin ihu daga waje.

Sai kalangu ya juya ya ɗauki taken gidanmu. Rabona da jin sa tun ranar da aka rufe Baba. Ban san lokacin da na bar wa Alhaji kwanon kuɗi ba.

Yaya na tsakiyar fage, hannun dama naɗe da zare, furfura a ƙirjinsa, tumbi ya fito. Maroƙi na zuba kirari, sai na ji ya ce, "Na Delu, wan Malam Waliyyu mai makaranta!" Duk Tungar Maccido ta juyo ta dube ni. Ban sunkuya ba. Ban san dalili ba, wataƙila ba wurin sunkuyawa.

Turmin farko babu kisa, wato babu wanda ya faɗi. Na biyu Yaya ya kai wa Ɗanasabe ɗaya a haƙarƙari, har yaron ya ja da baya, fili ya ɗauka. Na ji muryata cikin masu ihu. A na uku numfashin Yaya ya ƙare, ina gani daga inda nake. Ɗanasabe ya shammace shi a muƙamuƙi. Yaya ya tafi ƙasa a kan hannun da ke naɗe. Na ji ƙarar, duk da kiɗan.

Mutane suka yi ta zuba masa kuɗi yana kwance. Ɗanasabe ya durƙusa gabansa, ya juye nasa liƙin a kan na Yaya. Da na tallafo kansa, bakinsa da jini, abin da ya ce shi ne, "Tattara, Wali, kada a tattake."

Lahadi, 11 ga Afrilu

Aliero, gidan mai ɗori. Karaya biyu, sama da wuyan hannu. Mutum huɗu muka danne shi. Bai yi kuka ba, ni na yi. Mai ɗori ya ce wata uku, kuma ko ya warke kada a sa ran zai sara ƙashi kamar da.

Da ya farfaɗo ya ce, "Bandir nawa?" Na ce da na da, goma sha uku, har da katako. Ya ce, "Da na kai turmi na huɗu da sun cika." Dambe ba ya wuce turmi uku, ya fi ni sani.

'Ya'yansa bakwai. Teburin nan ne abincinsu.

Litinin, 26 ga Afrilu

Kafintoci na sama. Ƙarar guduma ta hana karatu, ban taɓa jin hayaniya mai daɗinta ba.

Laraba, 5 ga Mayu

Ruwan fari jiya da la'asar. Aji biyu a rufe, na uku saura kusurwa, mun toshe da zana. Na tsaya cikin aji shida ina jin sa a kan kwano, ban ce kowa ya yi shiru ba.

Jami'in ya zo yau. Ya ɗaga kai, ya daɗe. Ya tambayi wane babban mutum ne ya taimaka. Na faɗa masa sunan. Ya ce bai san shi ba. Ya rubuta wani abu, ya ce mu ci gaba.

Asabar, 15 ga Mayu

Asabar ta biyu ke nan ina Jega. Juma'a in an tashi, da Asabar, da Lahadi. Dole wani ya tsaya a teburin, ba wani abu ba. Yaya na zaune kan benci da hannu a rataye, yana yi mini faɗa wai ina ba da gyara da yawa. Na ɗauka na manta yadda ake fitar da haƙarƙari, ashe hannu bai manta ba. Iyayen yara biyu sun saya wurina yau. Ɗaya ya ce, "Malam, a ƙara tsoka." Na ƙara.

Na gaya wa Iklima kafin ya warke ne kawai.

Wuƙar Yaya dai na kai wa maƙeri ya rage mata ƙota. Ta yi wa hannuna girma.