Rasuwar Baba Wutsiya, Mai Tsaron Bayan Ayarinmu

Alhamis, 14 ga Agusta

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Mahaya Keke ta Safiyar Asabar, a madadin mai girma Shugabanta, da Majalisar Amintattu, da iyayen ƙungiya, da ɗaukacin membobinta maza da mata, tana sanar da jama'a rasuwar dattijonta, mai lamba ta uku a rajistar kafuwa, tsohon Mataimakin Shugaba na Ɗaya, Mai Tsaron Bayan Ayari na tsawon shekara ashirin da shida, wanda yaro da babba suka sani da Baba Wutsiya. Allah ya karɓi ransa ranar Asabar, 9 ga Agusta, a bakin hanya, yayin doguwar tafiyarmu ta damina mai kilomita ɗari da ashirin, yana da shekara sittin da takwas. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wannan sanarwa ta makara da kwana biyar, kuma ya kamata jama'a su san dalili. Kwamitin zartarwa ya so a rubuta cewa marigayin ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, ni kuma da aka ɗora wa alhakin sa hannu na ce hannuna ba zai hau wannan takarda ba. Tun ranar 6 ga Maris, shekara goma sha ɗaya ke nan, na miƙa wa kwamitin takarda mai shafi biyu ina roƙon a riƙa sa mutum biyu a bayan ayari, kada a bar mutum ɗaya. An yaba wa tsarin rubutuna, an ce za a duba. Na maimaita roƙon sau bakwai. Gaskiyar da ba a faɗa a zaman taro ita ce babu mai son baya, domin a gaba ake ɗaukar hoto, a baya kuwa sai taɓon da tayoyin mutane ke watso maka. Jiya da yamma Shugaba ya amince a fitar da abin da ya faru yadda ya faru, kuma ina yaba masa a kan haka.

Marigayin ya yi shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a kan keken gidan waya kafin ya yi ritaya, ya san kowace kwalbati da kowane rami a hanyoyin da muke bi. Lokacin da muka kafa wannan ƙungiya mu tara a gaban shagon wani mai faci, shi ya zaɓi baya da kansa, kuma daga nan sunan ya bi shi. Aikin mai tsaron baya ba shi da kwarjini. Shi ne ke tsayawa da wanda tayarsa ta sace, da wanda sarƙarsa ta zame, da wanda numfashinsa ya ƙare a kan tudu yana neman hujjar komawa gida. Mutum nawa a cikinmu ya dafa wa baya da hannu ɗaya ya tura har saman tudu, yana ba su labarin karnukan da suka bi shi zamanin yana aiki, don kada su ji kunya? Injiniyarmu, wadda a yau babu namijin da ke iya riskar ta a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ta tuna mana cewa ranar fitarta ta farko ta zauna a gefen titi tana kuka, shi kuma ya tsaya yana duba birkinta da babu abin da ya same shi, har ta gama.

Yana da wata dabara ta faci a cikin ruwa da babu wanda ya gaje ta. Sholisho ba ya kama jiƙaƙƙen tiyub, kowa ya san haka. Shi sai ya goge wurin hujin, ya ɗaga riga ya manna tiyub ɗin a fatar cikinsa har ya bushe ya yi ɗumi, sannan ya shafa. Matasa suna tsokanarsa cewa tumbin nasa kayan aikin ƙungiya ne, ya kamata a sa shi cikin jerin kadarori. Yakan ce idan sun kai shekarunsa da irin ramarsu, sai dai su riƙa tura keke.

Akwai kuma al'adarsa ta ƙirga mutane, wadda dole in bayyana ta filla-filla. Kowace safiya kafin a tashi, shi ke ƙirga mahaya, ya rubuta adadin a 'yar takarda, ya sa ta a leda ya miƙa wa jagoran gaba. Bai taɓa sa kansa a cikin adadin ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce takardar ta waɗanda za su iya ɓata ce, shi ina zai ɓata? Mu tsofaffi duk mun san haka. Ba a rubuta shi a kundin ƙungiya ba, domin ba mu taɓa bukatar duba takardar ba: a kowace matsaya jira ake yi har sai an ji ƙararrawarsa sau biyu daga baya, sannan jagora ya busa usur.

Ranar Asabar mun tashi ƙarfe shida da rabi cikin yayyafi. Jagoranmu na bana, wani mai shagon magani da muke kira Kemis, mutum ne mai tsari da natsuwa, amma shekararsa biyu kacal a ƙungiya, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa yadda ake karanta takardar nan. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, iska tana kaɗa keke tana neman jefa mutum cikin lambatu, birki ya daina kamawa, wanda ke gabanka ma da kyar kake hango fitilarsa. Muka fake a gidan man da ke kafin babbar gada, inda aka saba tsayawa. Kowa yana cikin rigar ruwa iri ɗaya mai ruwan ɗorawa, an ja hula har gira, ruwa yana dukan kwanon rumfa yadda ko tsawa ba a ji sosai, balle ƙararrawa. Aka ce rafi yana ta cika, idan ba a ƙetare gadar yanzu ba za a kwana a wannan ɓangare. Kemis ya yi abin da duk mai hankali zai yi: ya ciro takarda, ya ga ashirin da uku, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana taɓa kafaɗa har da kansa, ya samu ashirin da uku, ya sake ƙirgawa, ya ce mun cika.

Ina tsaye a wurin. Ni da na san sirrin takardar tun kafin wasu daga cikin mahayan su iya tafiya da ƙafa, na ji an ce mun cika, na ji daɗi, domin haƙorana suna haɗuwa saboda sanyi. Mu biyar ne tsofaffi a rumfar nan, babu wanda ya tuna. Saboda haka ƙungiya ba ta yarda a ɗora wa Kemis wannan nauyi ba, kuma duk wanda ke yawo da wannan magana ya zo ya same ni. Sai ƙarfe biyu, saura kilomita goma mu isa, tayar Ma'aji ta sace, aka juya ana neman famfo, sannan aka tambayi ina Baba. Famfo ne ya tuna mana da shi.

A asibiti, uwargidansa, wadda muke kira Mama, ba ta zage mu ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, abu ɗaya nake so ka gaya mini. Shi kaɗai ne?" Na yi mata alkawarin zan nemo amsar, kuma wannan sanarwa ita ce cika alkawarin.

Ranar Talata na shiga motar haya na koma, na sauka a gidan man, na taka da ƙafa zuwa baya ina tambaya. Rumfar jiran mota da aka same shi a ciki tana kilomita shida kafin gada: benci na siminti, kwano mai yoyo a kusurwa ɗaya, da wani shagon kayan masarufi a tsallaken titi. Mai shagon ce ta gan shi wajen biyu da rabi, da ruwa ya tsagaita ta buɗe ƙofa. Ta ce yana zaune a jingine, kamar mai gyangyaɗi, takalmansa a cire an jera su gefe guda, kekensa a tsaye kansa yana fuskantar gada. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kayan facinsa da ta gani a baje kan benci, alhali na duba kekensa da hannuna, tayoyinsa biyu lafiya lau. To wa ya yi wa faci?

Sai da na shiga ma'aikatu uku a kan hanyar kafin na samu mutumin: mai gadin wata masana'antar bulo, dattijo, mai tsohon keke wanda kariyarsa ta ɗaukar kaya a ɗaure take da waya. Bai san an yi rasuwa ba. Da na gaya masa, sai ya zauna a kan bulo ya ba ni labarin ranar. Ya ce yana tura keke cikin ruwa, tayar baya a kwance, zai makara karɓar aiki, sai wani mai rigar ɗorawa ya tsaya ya ce masa, "Ɗan'uwa, ina za ka da gawa?" Ya ja shi rumfa, ya kifa keken, ya ciro tiyub, ya cusa shi cikin riga a kan tumbinsa. Mai gadin ya ce ya ɗauka mutumin ba shi da cikakken hankali, sai da facin ya kama. Sun yi kusan minti arba'in tare. Sun yi hirar jikoki, sun yi gardama a kan ko keken da ko na yanzu ya fi ƙarko, sun yi dariya. Ya ce ya lura Baba yana yawan murza hannunsa na hagu, ya kuma cire takalmi yana cewa sun matse shi, amma da ya yi masa magana sai ya ce sanyi ne. Ya nemi ya raka shi zuwa gada, Baba ya ƙi. Ga abin da ya ce masa, kamar yadda mai gadin ya maimaita mini sau biyu: "Je ka kama aikinka. Yarana suna gidan mai, ba sa tashi sai sun ji ni. In na daɗe za su turo."

A lissafina, lokacin da yake faɗin haka mun riga mun ƙetare gadar da minti goma sha biyar.

Likita ya ce zuciya ce. Na tambaye shi, da an kawo shi cikin awa ɗaya fa? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, wasu suna tashi, wasu ba sa tashi. Na sake tambaya ta wata fuskar, ya sake ba ni amsa ɗaya. Wayarsa tana cikin jakar sirdi a kashe, a naɗe cikin leda kamar yadda ya saba yi duk ranar ruwa, kuma har yanzu ina juya wannan a raina: me ya hana shi miƙa hannu ya ɗauko? Ko abin ya zo masa da sauri ne, ko kuwa bai ga dalilin kira ba tunda ya tabbata muna tafe? Wannan ban samo amsarsa ba, ba kuma zan ƙirƙiro ba.

Saboda haka, Mama, ga amsarki a gaban jama'a. Minti arba'in na farko yana tare da mutum, yana aikin da yake so, yana dariya. Daga sha biyun rana zuwa biyu da rabi shi kaɗai ne, yana jiran mu. Kwamiti ya zauna jiya ya zartar cewa daga yau mutum biyu za su riƙa tsaron baya, kuma za a rubuta sunan kowa a takarda, ba adadi ba. Zaman bai kai minti biyar ba. Ba mu kawo wannan a matsayin diyya ba, mun san bai kai ba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mahaifiyarmu, uwargidan marigayi, da babbar 'yarsa wadda ta tsaya a kan komai tun daga asibiti, da sauran 'ya'ya da jikoki, da ƙannensa, da surukai, da tsofaffin abokan aikinsa na gidan waya, da maƙwabta. Muna neman afuwarku, ba don mun cancanta ba. Muna godiya ga mai shagon da ta tsayar da mota ta kuma rufa masa zanenta, da mai gadin da ya roƙi a kai shi ya gai da iyalin. Allah ya jiƙan bawansa, ya yafe masa kurakuransa, ya sa tsayuwar da ya yi wa mutane a bakin hanya ta zame masa haske a makwancinsa, ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu da jikoki bakwai. Mun fita mu ashirin da huɗu, mun dawo mu ashirin da uku.

Sa hannu:
Tsohon Hedimasta
Kakaki kuma Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Mahaya Keke ta Safiyar Asabar