Takun Tsoho Mai Gyaran Lema

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da kewa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya raya mana zuri'a, ya nuna mana ranar da za mu sake zama a tabarma ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ce dai take yi mini tsiya idan na daɗe a tsaye, matar ɗanki Babba kuma ta yi nauyi sosai, muna jira yau ko gobe. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ai kin san halinki, ba kya barin mutum ya kai aya, ni kuwa labarin da ke bakina ba na katsewa ba ne. Don haka ki nemi wuri ki zauna.

Maganar 'yarki ce, Auta. Kin tafi kin bar ta tana ɓata mana bango da gawayi, to yanzu abin nan da muke yi mata faɗa a kansa shi ne sana'arta. Tana aiki a wani kamfani da ke yin finafinan zane mai motsi, irin wanda yara ke kira katun. Na taɓa kai mata mabuɗi da ta manta, na ga wurin da idona. Wani dogon ɗaki ne an ja labule, kowa da teburinsa da kwamfutarsa da wani allon gilashi da suke zane a kai da alƙalamin da babu tawada. Abin da ya ba ni dariya, kowane tebur da ɗan madubinsa. Na tarar da wani ƙato mai gemu yana ta murguɗa wa madubi baki, wata kuma ta miƙe tana ɗaga kujera tana ajiyewa, wai tana so ta ji inda nauyi ke sauka a bayanta. Na ce a raina, to Allah ya shirya, nan muka kawo 'ya. Sai Auta ta zaunar da ni ta nuna mini: kafin mutum ya ɗaga ƙafa ya ajiye a fim ɗinsu, sai an zana shi sau da yawa, kowane zane ya ɗan bambanta da na bayansa, idan aka jera su aka sake su da gudu sai ka ga mutum yana tafiya. Wallahi tun daga ranar na daina cewa wasa take yi.

Amma ainihin aikin ba a ofis take yin sa ba, a titi ne. Ba ta fita sai da ɗan littafin zane da guntun fensir a aljihun jakarta. A tashar bas tana zane, a layin asibiti tana zane, in muka je kasuwa ni ina ciniki ita tana can ta ƙura wa mai dako ido. Ba fuska take bi ba, a'a, wai yadda mutum ke tsayuwa, da inda yake jingina nauyinsa, da abin da hannunsa ke yi idan ya manta da shi. Ran nan wata mata a cikin bas ta taso mata da masifa, wai kallon me take yi mata tun ɗazu. Da Auta ta nuna mata takardar, sai matar ta kwashe da dariya, ta ce ai haka uwarta take riƙe jaka, ta roƙi a yago mata. Ni kaina ban tsira ba. Ta zana ni ina shara, ina gyangyaɗi, ina yi wa Babba faɗa da hannu ɗaya a ƙugu. Na ce ni ba haka nake ba, gidan duka suka ce haka nake.

Mutum ɗaya ne ta daina zanawa, babanta. Kin san tun da ya faɗo daga kan tsani yana buga rufin wani gida, ƙashin kwatangwalonsa ya karye, an yi aiki, ya warke, amma ƙafar hagu ta gajarce, sai da sanda. Kafintan nan da kika sani, wanda in muna tafiya tare sai na yi ta haki ina cewa ya jira ni, ya zo ya zama daga ɗaki sai banɗaki. Ba ciwo ne ya zaunar da shi ba, likita ma cewa ya yi ya riƙa takawa. Ba ya son a gan shi ne. In ya ji sallamar baƙo sai ya yi maza ya zauna ya tura sandar ƙarƙashin kujera. Mu kuma a gidan, don kada ransa ya ɓaci, da ya miƙe sai kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Haka muka zauna shekara da wani abu.

Ana nan sai aka fara sabon fim a wurin su Auta, labarin wani tsoho mai gyaran lema, mai ɗingishi, da zai ratsa gari a ƙafa ya kai wa jikarsa lema kafin ruwa ya sauko. Shugabarsu ta ɗauki tsohon nan sukutum ta danƙa wa Auta. Wannan ne karo na farko da aka ba ta mutum nata na kanta, da can sai dai ta cike zanen wasu. Ranar ta shigo gida tana tsalle kamar ƙaramar yarinya. Ba a jima ba murna ta koma ciki. Ta zana tafiyar tsohon, shugabar ta duba ta ce a sake. Ta je wurin gashin ƙashi a asibiti ta wuni tana zana masu sanda, ta dawo ta sake, aka ce a sake. A na ƙarshe matar ta gaya mata gaskiya tsirararta, ta ce wannan ba gurgu ba ne, lafiyayye ne yake kwaikwayon gurgu, kuma an ga alamar mai zanen tana jin tausayinsa, tana gyara masa ƙafa a ɓoye. Ta ce in ƙarshen mako ya yi bai taka daidai ba, za ta miƙa shi ga wani. Yarinyar nan ta daina cin abinci. Sai dai in gan ta a ɗaki ta sa takalmi ƙafa ɗaya tana ɗingisawa gaban madubi, ta zauna ta zana, ta yage.

Baban yara yana zaune amma ba abin da ke wuce shi. Na kai masa shayi da safe sai ya tambaye ni me ke damun 'yarsa. Ke kin san bakina, ba ya iya ajiya. Na zayyane masa komai, har na ƙara da cewa yarinya tana yawon asibiti neman mai ɗingishi alhali ga shi a gida an hana ta kallo. Ina rufe baki gabana ya faɗi. Ya yi kicin-kicin da fuska, shayin ma har ya huce bai taɓa ba. Na fita ina cewa yau na ɓallo ruwa.

Washegari da hantsi, Auta na shirin fita, sai muka ji ya ƙwala mata kira. Ya ce ta ɗauko littafinta da fensir ta zauna a bakin ƙofa. Ya jawo sandarsa da kansa, ya miƙe, ya fara takawa daga wannan bango na tsakar gida zuwa wancan. Auta ta sunkuyar da kai yadda muka saba. Ya tsaya ya daka mata tsawa, ya ce ita da take ƙura wa mutanen da ba ta sani ba ido har su nemi dukanta, ubanta ne ba za ta iya kallo ba? Ta ɗago, hawaye na zuba, ta fara zane. Yana tafiya yana yi mata bayani kamar yadda yake koya wa masu koyon aiki a da. Ya ce ta bar kallon gajeriyar ƙafar, ba ita ke shan wahala ba, lafiyayyar ce ke ɗauke da gidan duka. Ya ce ta lura sanda ke fara sauka, sannan kafaɗa ta bi ta, sannan akwai ɗan tsayawa kaɗan da yake yi kafin ya yarda ya saki nauyinsa, don har yanzu jikinsa bai gama amincewa da ƙafar ba. Ni ina bakin kicin da ludayi a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Sama da shekara ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin nan, ban san da wannan ɗan tsayawar ba sai ranar.

Can sai ya tsaya ya tambaye ta, shi tsohon nata a tsakar gida zai yi tafiyar ko gari zai ratsa. Ta ce gari ne. Ya ce to wannan aikin banza suke yi, taku kaɗan sai bango, ba za ta taɓa ganin yadda gajiya ke canza tafiya ba. Ya dube ni ya ce in miƙo masa hularsa. Ƙanwata, ban san lokacin da ludayin ya faɗi ba. Ya buɗe ƙofar gida ya fita titi, rana tsaka, kowa na waje. Mai shagon kusa da mu ya miƙe tsaye baki buɗe. Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa. Masu gyaran babur suka taso za su kama shi, ya ɗaga musu hannu ya ce su matsa, aiki yake yi, 'yarsa ce take zana shi za a sa a fim. Da ƙarfi ya faɗa, yadda na ƙarshen layi ma zai ji. Ita kuwa tana gefensa, wani lokaci ta sha gabansa tana tafiya da baya, fensir na gudu, ta daina kukan, idon nan nata na aiki ya dawo. Ni ina biye da su da kujerar roba a hannu kamar wata sakarya, ko zai nemi zama. Bai nema ba sai da ya kai bakin babban titi. A nan ya zauna, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce ta zana wannan ma, don tsoho in ya zauna ba ya zama lokaci ɗaya, sai ya lallaɓa.

Sauran kwanakin ba mu ga Auta sosai ba, tana fita da sassafe ta dawo da yatsu duk baƙin fensir. Ranar da za a duba aikin na kasa zaune na kasa tsaye, na share tsakar gida har sau biyu. Da yamma ta shigo, ta wuce kai tsaye wurin babanta ta durƙusa ta miƙa masa wayarta. Wai shugabar ta kalla, ta sake kalla, ta kira duk 'yan ɗakin su taru su gani, sannan ta ce tsoho na Auta ne har ƙarshen fim, kada wanda ya taɓa mata shi. Muka taru a bayansa muna leƙe. Ga ɗan tsoho nan, zanen fensir ne kawai ko launi ba a sa ba, fuskarsa ba ta babansu ba ce, da lemominsa a hammata. Amma yana ɗaga sanda na gane tafiyar babansu ce. Kafaɗar nan, da ɗan tsayawar nan, komai yana nan, ba ta rage ba, ba ta ƙawata ba. Tsoro ya kama ni, don bai taɓa ganin tafiyarsa daga waje ba. Ya kalla, ya ce a mayar, aka mayar, ya ce a ƙara. Sannan ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, ashe haka yake tafiya? Auta ta ce haka ne, Baba. Ya jinjina kai, ya ce to ai wannan tsohon ba abin tausayi ba ne, duk wanda ya gan shi ya san zai kai inda za shi.

Ban ɓoye miki ba, na shiga kicin na yi kukana mai isata. Ina alfahari da yarinyar nan, ƙanwata, alfaharin da ban san inda zan sa shi ba. Duk wanda ya shigo gidan nan sai na nuna masa, har mai kawo mana ruwa bai tsira ba, yara suna ta yi mini tsiya wai kaina ya fi ƙofa girma. Su faɗa, ni na haife ta, ke kuma kin goya ta, don haka rabin fasa kan naki ne.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da Yaya Ƙarami, da 'yan biyunki masu ƙiriniya, da takwarata, ki ce mata ina nan ina jiran hoton da ta yi mini alkawari. Babba da matarsa suna gaishe ku, ku sa ta a addu'a Allah ya sauke ta lafiya. Auta ta ce in gaya miki in kin zo ki shirya, sai ta zana ki kina surutu. Na so baban yara ya sa miki gaisuwa da bakinsa kafin in rufe takardar, amma ba ya gida. Tun da safe ya ɗauki sandarsa ya tafi wurin mai aski, ya ce ya gaji da askin ɗaki, kuma kada wanda ya biyo shi da kujera.

Taki har kullum,
Yayarki