Rijiyar Gidanmu da Majemar Baba

Assalamu alaikum Yaya Nasiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan saman Fatakwal? Ya Anti Maryam da yara? Mu nan Tudun Wada kowa lafiya, sai ni da na rasa inda zan sa kaina.

An ba mu aikin kammala karatu, kowa ya auna ruwan unguwarsu. Na ɗebi na rijiyar gidanmu na kai ɗakin gwaji. Yaya, ruwan bai shawuwa, ruwan jimar Baba ne ke tsatsowa cikinsa. Ina jin shi ya sa 'ya'yan maƙwabta ba su rabuwa da ciwon ciki.

Na sami Baba na faɗa masa a hankali. Ya dube ni ya ce, "Wagga rijiya munka sha tun kakanki. Da fatun nan nis sa ki jami'a, yanzu ke za ki rufe min majema?"

Malamina ya ce in rubuta abin da na gani, kuma rahoton zai je hukuma. In na rubuta, na tona asirin mahaifina. In na ɓoye, ban san amfanin karatun muhallin da nake yi ba. Kullum ina kallon yara suna zuwa da bokitai.

Don Allah ka kira Baba, yana jin maganarka. Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Saratu