Ya Hana 'Yarmu Kunna Kyandirinta

Anti Loretta, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Lahadi mai zuwa. In na kai ranar da wannan zuciyar, zan yi abin da yarana ba za su manta ba har su tsufa.

Ni matar aure ce, 'ya'yana tara, kuma duk a gida nake koyar da su, a teburin da muke cin abinci. Da safe a kwashe kwanuka a shimfiɗa littattafai, da rana a ture littattafai a yanka burodi. Na koyar da lissafi da jariri a kafaɗa, na koyar da tarihi ina haɗa safa da 'yar'uwarta. Maigidana Norbert gyaran injin ɗumama gidaje yake yi, don haka da sanyi ya kama ba ma ganinsa sai da yamma, hannu duk baƙin mai. Ba ya sha, ba ya zagi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Na faɗi wannan tun yanzu don kada ki ce ban yi masa adalci ba, domin abin da zai biyo baya ba yabo ba ne.

Kin san yadda Adbent yake a gida irin namu. Makonni huɗun nan na jiran Kirsimeti sun fi mana ranar kanta daɗi. Yara su shiga kurmin bayan gida su yanko korayen rassa, mu saƙa su a jikin zoben ƙarfen da mahaifin Norbert ya ƙera, mu kafa kyandir huɗu, uku shunayya, ɗaya ruwan hoda. Kowace Lahadi da yamma a kashe fitilu a ƙara kunna ɗaya. Kuma akwai tsari, wanda Norbert ya taso da shi daga gidansu: na farko na auta ne, na biyu na ɗan fari, na uku na uwa, na huɗu na uba. Wanda ya kunna shi zai ce, "Ka zo, ya Ubangiji Yesu," sauran mu amsa da amin.

Kyandir na farko ya sha canza hannu, tunda ban cika barin auta ya daɗe a kujerarsa ba. Bana Linus ne, ɗan shekara huɗu, saura ƙiris ya babbake gashin yayarsa. Amma na biyu bai taɓa canza hannu ba. Na Philomena ne, da muke kira Mena, tun tana hawa kujera ubanta na riƙe mata hannu.

Mena yanzu ma'aikaciyar jinya ce a birnin Duluth. Rabin yaran gidan nan ita ta koya musu karatu. Lokacin da nake da cikin 'yan biyu likita ya hana ni tashi, ita ta riƙe gidan, alhali ko sha biyar ba ta cika ba. To, da aka yi hutun zafi ta zo ta zaunar da mu, ta ce ta daina zuwa coci, ba ta san ko har yanzu ta yarda da abin da muka koya mata ba, kuma ba za ta ci gaba da yi mana ƙarya ba. Na yi kuka har idona ya kumbura. Norbert ya tashi ya shige gareji. Tun daga ranar bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka ya haɗiye.

Lahadin da ta wuce ce ta biyu. Yarinyar nan ta roƙi wata abokiyar aikinta suka yi musayar rana, ta tuƙo mota rabin yini cikin dusar ƙanƙara, ranar da rediyo ke cewa kowa ya zauna a gida. Ta iso ƙananan suka maƙale mata, ta shiga kicin ta taya ni fere dankali. Da lokaci ya yi muka tsaya kewaye da teburi, aka kashe fitila, Linus ya sake kunna nasa. Mena ta miƙa hannu kamar yadda ta saba. Norbert ya ɗauki kwalin ashana, ya tsallake hannunta, ya miƙa wa mai bi mata, ya ce, "Ambrose, bana kai ne."

Anti, hannunta a miƙe yake! Ambrose, ƙato da gemunsa, ya yi ja har kunnuwa, da ƙyar ashanar ta kama. Zelie, 'yar shekara bakwai da bakinta ba ya riƙe komai, ta ce, "Baba, ka manta ne? Ai na Mena ne!" Ya ce mata addu'a ake yi. Mena ta mayar da hannunta aljihun rigar sanyi. Da Ambrose ya faɗi kalmomin ta amsa amin tare da mu, da kunnena na ji. Ta sha miyar dankalinta, ta wanke kwanuka kaf, ta hana kowa taya ta. Da ma kwana za ta yi, sai ga ta da jaka. A bakin ƙofa ta ce, "Mama, kada ki sa kwanona ranar Kirsimeti. Zan karɓi aiki, a bar masu iyali su huta." Masu iyali! Yarinya mai ƙanne takwas.

Kin san inda ubanta yake a lokacin? Yana waje cikin sanyi yana duba iskar tayoyin motarta, ya ƙara mata ruwan goge gilashi, ya cusa mata naman barewar da ya harbo a but ɗin motar. Mutum ya iya lallashin mota, bai iya buɗe baki ya yi wa 'yarsa magana ba.

Washegari na tare shi a ɗakin wanki, inda ƙarar inji ke rufe murya. Ya ce, "Kyandirin nan ba wasan yara ba ne, ibada ce. Ita da bakinta ta ce ba ta yarda ba. In sa ta faɗi abin da ba ya zuciyarta, ƙananan na kallo?" Na ce to me ya hana shi kiranta a waya kafin ta taso, me ya hana shi gaya mini ni da muke kwana ɗaki ɗaya? Wai ya yi ta neman yadda zai faɗa bai samu ba. Watanni yana nema, sai a gaban yara ya samu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da ƙarya ta yi mana, da ashanar nan tana hannunta. Mu muka koya mata faɗin gaskiya a wannan teburin, ranar da ta faɗa kuma muka hukunta ta a kansa. Ƙanen Norbert, Cletus, ba ya taka coci sai an yi mutuwa, amma duk Kirsimeti shi ake ba ya sa wa abinci albarka, wai yana da murya. Ina jin haushin Norbert, ina jin haushin kaina da na tsaya riƙe da ludayi ban ce uffan ba, har Mena ina jin haushinta da ta wanke kwanukan nan. Da ta fasa ɗaya ma da ya fi mini sauƙi. Jiya a taron iyaye masu koyarwa a gida wata ta kama hannuna tana cewa gidanmu abin koyi ne, kamar in shaƙe ta.

Gidan duk ya dagule. Ambrose ya daina cin abinci da mu. Zelie ta ɓoye kwalin ashana a cikin takalmin sanyi, ta ce babu mai kunna komai sai Mena ta dawo. Na yi ta kiran Mena, sai saƙo take turowa wai tana aiki.

Lahadi mai zuwa kyandir na uku ne, mai ruwan hoda, na farin ciki, kuma nawa ne. Na ƙudura idan ya miƙo mini ashana in ajiye ta a teburi, in ce ba zan kunna ba sai 'yata ta kunna nata, a gaban yara, shi ma ya ɗanɗana. Ranar Kirsimeti kuma in loda yara a babbar motarmu mu tafi Duluth, in bar shi da zoben ƙarfen ubansa su yi biki. Ki gaya mini gaskiya, in na yi haka na yi laifi? Ba na son in rasa yarinyar nan, kuma ina ganin tana tafiya.

Uwar Tara, daga arewacin Minnesota

*

'Yar'uwata Uwar Tara,

Fushinki yana da dalili, ba zan ce ki sauke shi ba. Norbert ya yi kuskure, babba kuwa. Ya yanke hukunci a kan 'yarku shi kaɗai, ya ɓoye miki, ya zartar a gaban ƙannenta, sannan ya ɗora wa Ambrose kayan da bai roƙa ba.

Amma shirinki na Lahadi, a'a. Ki sake karanta wasiƙarki: abin da ya yi wa Mena ne kike son yi masa, a teburi ɗaya, da ashana ɗaya, a gaban yara ɗaya. Linus da Zelie za su girma da sanin cewa kyandir abin rama faɗa ne. Mena kuma za ta ji cewa saboda ita iyayenta suka raba gida ranar Kirsimeti. Yarinyar da ta wanke kwanuka bayan an wulaƙanta ta ba za ta iya ɗaukar wannan ba, nisa za ta ƙara yi. Ki kunna kyandirinki.

Yanzu ɓangarensa. Damuwarsa ba shirme ba ce. Mutum ne da ya ɗauki addu'a da gaske, yana tsoron ya sa 'yarsa ƙarya a gaban Allah, yana kuma tsoron ƙananan su bi sawunta. Wanda ya tsani 'yarsa ba ya durƙusawa cikin ƙanƙara yana duba mata taya. Tsoro ne ya cika shi, kuma irin mazan nan in tsoro ya kama su sai su ɓuya a bayan doka. Inda ya ɓata shi ne bai tambaye ta ba. Mena ta san kalmomin nan tun tana hawa kujera, ta san za ta faɗe su in ta kunna, kuma ta miƙa hannu. Yarinyar da ta ƙi yi muku ƙarya a lokacin zafi ba za ta tuƙo rabin yini don ta yi muku ita da sanyi ba. "Ka zo" addu'ar mai jira ce, kuma ba sai mutum ya gama tabbata yake yin ta ba.

Ga abin da zan yi in ni ce. Ki fara da Ambrose yau, ki gaya masa ba laifinsa ba ne, ya kira yayarsa ya faɗa mata abin da ke ransa. Ki sa Zelie ta fito da ashana, amma ki gaya mata tambayar da ta yi ba laifi ba ce.

Sannan ki bar yara da manyansu yini ɗaya a tsakiyar mako, lissafi ba zai gudu ba. Ki ɗauki burodi ki tafi Duluth ke kaɗai. Kada ki kai saƙon kowa, kada ki kare ubanta, kada ki yi maganar coci. Ki ce mata abin da aka yi ba daidai ba ne, kuma kin yi shiru a inda ya kamata ki yi magana. Ki ce kwanonta yana kan teburi ko ta zo ko ba ta zo ba. In ta ce bana ba za ta iya ba, ki karɓa, kada ki ja ta da kuka.

Norbert kuwa, ki sake samunsa ku biyu, ba da ihu ba. Ki bar zancen Cletus, zai ba shi hanyar kauce wa maganar ne kawai. Ki ce masa haƙurin nan shi zai bayar, da bakinsa, ba da naman barewa ba. In yana da shakka ya je ya tambayi Fada, limamin cocinku, zan yi mamaki in akwai Fadan da zai ce kyandirin teburin gida sai mai cikakken imani. Kyandir na biyu ya riga ya wuce bana, amma na huɗu nasa ne, babu mai hana shi kiranta ya tambaye ta, a asirce, ko za ta so ta kunna shi. Tambaya na ce, ba umarni ba, kuma duk amsar da ta bayar ya riƙe.

In ya tsaya a kan cewa ibada ce, ki yarda da shi, ibada ce. Sai ki tuna masa cewa a cikin mutum goma sha ɗaya da suka tsaya a teburin nan ranar Lahadi, goma daga falo suka taso. Mutum ɗaya ce ta ratso ƙanƙara don ta zo.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya buɗe bakin maigidanki, ya kiyaye Mena a hanya duk ranar da ta juyo gida.

Taki,
Anti Loretta