Ramin Waya Ya Tsaya a Shingenka

Brattlia, farkon Oktoba

Zuwa ga Yayana Halvard,

Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Colleen da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa sanyin Kanada ya zo muku da sauƙi bana. Mu nan sai godiya. An sauko da tumaki daga dutse, duk sun dawo ban da tsohuwar tunkiyar Gwaggo Magnhild, wadda dama kowace shekara sai an bi ta ana roƙo. Maigidana Oddvar ya samu sauƙin ciwon bayansa, har ya koma aikin jirgin fito. 'Yarka ta wajena, Sunniva, ta fara karatun jinya a Bergen, ta ce abincin makaranta zai kashe ta, na ce ta yi haƙuri, nawa ma bai kashe ta ba.

Na cika gaisuwa don haka Mama ta tarbiyyantar da mu, amma ka sani raina a ɓace yake, kuma da kai nake. A teburin kicin ɗinta nake rubutu, sai na sauka gari gobe zan iya tura maka, domin daga gidan nan ko kalma ɗaya ba ta fita. Ka san tun bara aka kwashe tsohuwar wayar tarho daga kwarin nan kaf. Abin hannun nan mai jan maɓalli da Mama ke ɗaurawa, wanda in ta faɗi za ta danna ma'aikatan jinya su zo, ta wannan tsohuwar wayar yake kai kira. Da aka cire ta, ya zama ado. Shi ya sa mutanen kwari suka ɗaura aikin gayya don jawo sabuwar igiyar intanet da hannunsu, maƙwabcinmu Gunnleiv ne kan gaba. Duk Asabar tun narkewar ƙanƙara suna haƙa, maza da mata, mu kuma muna bin su da kofi da waina. Ramin ya taso daga bakin coci, ya ratsa gonakin mutane, ya tsallake rafi, babu wanda ya ce uffan a kan gonarsa. Ya zo shingen filin da Baba ya bar maka ya tsaya, yana hango tagar Mama.

Amsar da ka ba Gunnleiv ta zo mini. Ka ce a nan za ka gina ɗakin hutunka idan ka yi ritaya, ba ka son igiya a ƙarƙashin harsashinsa. Wane ɗakin hutu, Yaya? Kai da rabonka da kwarin nan tun jana'izar Baba? Ka kuma ce duniya ta wuce zamanin waya a ƙasa, komai ta iska yake tafiya yanzu, ga shi ka aiko wa Mama wayar hannu mai kyau. To bari in yi maka karatun da kowane tsoho a nan ya haddace yana riƙe da shebur. Magana ba ta tashi sama haka kawai, dole sai da hanya. Wayar hannu da turken sabis take magana, turken kuma yana can bayan dutsen da ya tsare mana rana rabin shekara, kai ma ka san dutsen. Abin da bai bar rana ta wuce ba, ba zai bar muryarka ba. Wannan da kuke cewa ta iska a gidajenku, ɗan akwati ne a bango ke watsa shi cikin ɗakuna, shi kuma akwatin igiya ce a bayansa, ta bi ƙasa, ta bi ƙarƙashin teku har ta zo mana. Tamu zaren gilashi ce siririya kamar gashin kai, haske ke gudu a ciki ɗauke da magana. Ba ta tsalle, kuma ba za ta haye filinka don ganin girmanka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hujjarka ta ƙarshe, wai ai duk Lahadi kana kiran Mama a wayar da ka aiko, muryarta tar, saboda haka mu ne masu neman fitina. Ni ma na yi mamakin wannan, don ni ban taɓa samunta a wayar ba. Yanzu na san dalili. Duk Lahadi bayan abincin rana, matar nan da ta haura tamanin takan sa takalmin dutse, ta ɗauki sanda, ta hau tudun bayan garken tumaki, can inda sabis ke ɗan leƙowa ta tsakanin duwatsu. A nan take tsayawa cikin iska tana jiran kiranka, har ranakun da ka makara, har ranakun da ka manta. Idan ka tambaye ta me take yi, sai ta ce tana falo tana shan kofi. Ba ta son ka ji cewa kyautarka ba ta aiki, ba ta kuma son a ce saboda ita ɗanta ya rasa wurin da zai dawo ya zauna.

Lahadin da ta wuce kun yi hira, ka ba ta labarin sabuwar motarka. A saukowa santsi ya kwashe ta, daidai inda sabis ya riga ya yanke. Ta danna jan maɓalli har yatsanta ya gaji, ta gwada wayarka, babu wanda ya amsa. Allah ne Ya kawo Gunnleiv da yamma, ya zo rufe bakin ramin da leda saboda ruwa, ya ji karenta na haushi a inda kare ba ya zuwa. Ya same ta jikinta ya yi sanyi ƙalau, idon sawunta ya karye. Abin da ta fara ce masa shi ne kada ya kuskura ya gaya wa Halvard. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ai Halvard ba ya jin maganar mutanen ƙasa, sai ta iska.

An ɗaure ƙafar, an sallamo ta, ina nan tare da ita, amma hutun da aka ba ni a wurin aiki ya kusa ƙarewa. Shugabar masu jinya ta zo ta zauna a kujerar Baba, ta yi magana cikin ladabi, ta ce ba za su bar tsohuwa ita kaɗai a gidan da ba za ta iya kiran agaji ba. In igiya ta shigo kafin hunturu, ta zauna a gidanta. In ba ta shigo ba, akwai gado a gidan tsofaffi na gari. Mama kuwa abin da ta tambaya kawai shi ne wa zai riƙe karen. Na roƙi Gunnleiv su haƙa kawai, in ka zo ka yi ƙarata ni. Ya ce shi fa a kwarin nan ba a taɓa sa shebur a ƙasar mutum ba da yawunsa ba, ba kuma za a fara a kansa ba, ko da mai ƙasar ya zama baƙo. Sun gwada zagayawa, suka tarar da fa (dutse ne a shimfiɗe har rafi), diga ba ta ko yi masa ƙwarzane ba. Safiya ta fara yin fari da daskararriyar raɓa, ƙasa na dab da daskarewa, daga nan kuma babu haƙa sai bazara. Kalma ɗaya ake jira daga bakinka. Ka kira Gunnleiv ka ce a haƙa, ɗakin hutunka kuma ka matsar da shi gefe, fili bai ƙare ba.

Ka gaishe mini da Anti Colleen, da Eirik, da ƙaramar Maren da har yau ban gani ba sai a hoto. Gwaggo Magnhild na gaishe ka, sauran abin da ta ce ba zai rubutu ba. Oddvar ma yana gaisuwa. Mama ba ta san ina wannan rubutu ba. Ɗazu na ji ta tana roƙon Gunnleiv ya kai ta tudun da tarakta ran Lahadi, na hana, ta ce ba ni na haife ta ba, shi kuma ya kasa ce mata a'a. Saboda haka in ka kira ta ɗauka, ka san a bayan tarakta take, ƙafa a ɗaure, bargo a kafaɗa. Ka tambaye ta inda take, ka ji abin da za ta ce maka.

Ƙanwarka da ke jiran amsarka,
Torunn